Hayar Fadama: Wa Zai Raba Gardama Tsakanin Mai Gona Da Ɗan Haya?

A daminar 2022, lokacin da kogin Haɗeja ya tumbatsa ya shanye gonaki daga Auyo har Kirikasamma da Guri, ɗan baffana yana cikin waɗanda suka rasa shinkafarsu. Fadamar ba tasa ba ce, haya ya kama. Mai gonar ne ya ba shi iri da taki da aron injin ban ruwa, bisa sharaɗin in kaka ta yi ba zai sayar wa kowa shanshera ba sai shi, a farashin da shi ɗin zai yanka. Da ruwa ya janye, mai gona ya ce kuɗin haya da na taki suna nan daram. Ɗan'uwana ya ce ai sun yi cewa asara ta su biyu ce. Babu takarda, babu shaida. Na raka shi gaban bulama, muka yini, aka ce a yi haƙuri. Ƙarshenta shanun nomansa ya sayar ya biya, domin in ya ja da mai gona, baɗi ba shi da inda zai shuka.

Ba na cewa masu gonaki azzalumai ne. Da yawansu su ne gatan talakan da banki ba ya kallo, kuma su ma ana cin amanarsu, a kwashe amfani da dare a kai kasuwa. Abin da ke damuna shi ne mutum ɗaya ya zama mai gona, mai ba da bashi, kuma mai saye. Wanda aka ɗaure da igiya uku ba ya ciniki, sai dai ya ce to.

Wannan matsala ba tamu kaɗai ba ce. A Ingila, manyan kamfanoni sun mallaki gidajen sayar da barasa suna ba da su haya, suna tilasta wa ɗan haya ya sayi kaya a wurinsu kawai. Sana'ar haramun ce a wurinmu, amma yadda hukuma ta shiga tsakani abin dubawa ne. A 2016 aka fara aiki da wata ƙa'ida a Ingila da Wales, wadda ta shafi duk kamfanin da ke da irin waɗannan gidaje 500 ko fiye, aka naɗa jami'i mai zaman kansa da ke yanke hukunci a kan saɓani. A wasu lokuta na musamman, kamar lokacin sake duba kuɗin haya, ɗan haya na da ikon neman a kwance masa ɗaurin, ya biya haya zalla, ya sayi kaya inda ya ga dama.

Mu ma muna da madogara. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙananan hukumomi ikon ba da izinin amfani da filayen karkara, malaman fiƙihu kuma sun daɗe da fayyace hukuncin haya da na ƙasar da ruwa ya mamaye. Aiwatarwa ce ta rage.

Shawarata ga Gwamnatin Jigawa da Masarautar Haɗeja uku ce. A fitar da takardar yarjejeniya mai shafi ɗaya, da boko da ajami, wadda za ta faɗi kuɗin haya da wa'adi da wanda zai ɗauki asarar ambaliya. A raba haya da bashin taki, a bar manomi ya sayar da amfaninsa a farashin kasuwar ranar. Sannan kowace ƙaramar hukuma ta kafa kwamitin sulhu mai malami da wakilin hakimi da malamin gona da wakilin 'yan haya, ya yanke magana kafin lokacin shuka ya wuce, wanda bai gamsu ba ya nufi kotu.

Ɗan baffana ya koma fadamar nan a kan tsohon sharaɗi, har yau kuma da baki kawai. Allah Ya ba shugabanninmu ikon dubawa kafin ruwa ya sake zuwa.