Murhun Da Ya Rasa Dutse Ɗaya

Duk macen da ta taɓa girki da itace ta san dalilin da ya sa murhu yake da duwatsu uku. Ko ƙasa ba ta daidaita ba, ukun nan za su riƙe tukunya daram, su kuma bar ƙofofin tura itace da shigar iska. In aka zare ɗaya, wuta ba za ta mutu ba, tukunyar ma ba lallai ta kife nan take ba. Da lallaɓawa, ruwa zai iya tafasa a haka. Sai an yi talge, an zuba gari, mai girki ta sa muciya ta fara tuƙi da ƙarfinta, sannan asirin murhun yake tonuwa: tukunya ta goce, tuwo ya bi toka, wani lokaci har da ƙuna a ƙafa.

Haka gida yake idan mutuwa ta ɗauke uba ko uwa ta bar yara ƙanana. Wuta tana ci, yara kuma sai sun ci abinci, amma abin da yake riƙe da tukunyar ya ragu.

Mu Kiristocin Arewa, a faɗi gaskiya, mun iya makoki. Daga Jos zuwa Kafanchan, daga Wusasa zuwa Biliri, kafin labari ya gama zagaya unguwa matan zumunta sun iso da tulunsu da cakinsu, matasa sun kafa rumfa sun jera bencina, Baba Fasto ya zo ya yi addu'a. Gawa takan yi makonni a asibiti ana jiran 'ya'ya da dangi daga Abuja ko Legas. A fitar da anko, a buga takardar tsarin jana'iza mai hoton mamaci, a sayi buhunan shinkafa, mai hali ya yanka sa. A bayan gida kuwa matan zumunta sukan kwaso manyan duwatsu su kafa murhu na musamman, su ɗora tukwanen da mace ɗaya ba ta iya saukewa. Ba na raina wannan ko kaɗan, domin wanda aka yi wa rashi ya waiga bai ga kowa ba shi ya san darajarsa. Amma a koma gidan bayan mako biyu. Rumfa ta tashi, baƙaƙen duwatsun nan an mirgina su jikin katanga, sai tulin toka, da kwanukan da ba a san masu su ba, da bashin da aka ci don a fita kunyar baƙi.

Duk wannan tafasar ruwa ce. Tuƙin yana gaba. Yana zuwa a watan Satumba, ranar da aka koro yaro daga makaranta saboda kuɗi. Yana zuwa da ruwan fari, lokacin da gona take jiran huɗa da taki, mai huɗar kuwa yana kabari. Yana zuwa da tsakar dare idan auta ya kama zazzaɓi, babu wanda zai riƙe sauran yaran a tafi asibiti. A waɗannan ranaku ba kowa a tsakar gida, kuma masu cewa "Ubangiji ya ta'azantar da ku" sun koma harkokinsu, kamar yadda ya zama dole su koma.

A wasu gidajen ma, dutsen da ya rage zuwa ake yi a zare shi. Ƙasar kabari ba ta bushe ba, 'yan'uwan mamaci sun fara tambayar takardar fili da makullin babur da katin banki, kuma wasunsu a layin gaba suke zama ran Lahadi. Dokar tarayya ta hana cin zarafin mutane ta 2015 ta sa muzguna wa matar mamaci da sunan al'ada cikin laifuffukan da ake hukuntawa. Tun 2014 kuma Kotun Ƙoli, a wata shari'a daga Awka, ta yi watsi da al'adar hana mace gidan mijinta don ba ta haifi namiji ba. Sai dai gwauruwar ƙauye ba ta da lauya. Dattawan cocinta take da su, kuma idan suka ce wannan maganar dangi ce ba ruwansu, ta rasa mai tsaya mata ke nan.

Abin da ya fi damuna shi ne irin dutsen da muke saurin cusawa a gurbin wanda ya tafi. A kira ɗan fari, yaro ɗan shekara goma sha biyu, a dafa kansa a gaban jama'a a ce, "Kai ne maigida yanzu, kada mamarka ta ga hawayenka." Idan uwa ce ta rasu, babbar 'ya ake ɗora wa goyo da girki da wanki, yau ta makara zuwa makaranta, gobe ta yi fashi, kafin shekara ta zagayo ta daina zuwa ba tare da wani ya yanke shawarar cire ta ba. Mai girki ta san ba a tallafe tukunya da ɗanyen tubali. Zai yi kamar ya riƙe na ɗan lokaci, sannan zafi ya tsattsaga shi. Yaron da aka hana kuka yakan zama shiru-shiru, mu kuwa mu yi ta yabonsa da hankali, sai wata rana a ji ya bar aji ya shiga acaɓa ko ramin haƙar kuza, ko ya fara dawowa gida da jajayen idanu. A lokacin ne za a ce rashin uba ya lalata shi, alhali kayan da aka ɗora masa ne suka fi ƙarfin wuyansa.

Wannan magana ta "mai bi ba ya kuka" ma ba daga Littafi Mai Tsarki ta fito ba. Abin da Bulus ya hana Tasalonikawa shi ne baƙin ciki irin na marasa bege, bai hana su baƙin ciki ba. Yesu da kansa ya yi hawaye a Betanya, yana kuwa sane zai ta da Li'azaru. Haka nan gaya wa ƙaramin yaro "Baba ya yi tafiya" ba tausayi ba ne. Duk ƙarar mota sai ya ruga ƙofa. Mu da muke da begen tashin matattu, me zai hana mu gaya masa gaskiya daidai hankalinsa: Baba ya mutu, an binne jikinsa, yana wurin Ubangiji, kuma ba laifi ba ne ka yi kewarsa?

Mun saba cewa Allah ne gatan marayu, kuma haka ne. Amma a dubi yadda yake yin gatan. Yesu yana kan gicciye ya danƙa mahaifiyarsa ga almajirin da yake ƙauna, shi kuwa ya ɗauke ta zuwa gidansa. A Ayyukan Manzanni sura 6, gunagunin da ya tashi a ikilisiyar Urushalima a kan rabon abincin gwauraye ne, kuma manzanni ba su kashe maganar da wa'azi ba: aka zaɓi mutum bakwai, cikinsu har da Istifanas da Filibus, aka ɗora musu aikin. A wasiƙarsa ta fari ga Timoti, sura 5, Bulus ya yi maganar rubuta sunayen gwauraye, ya kuma ɗora nauyin farko a kan danginsu. Ko'ina aka duba, wani mutum ne mai suna yake sa kafaɗarsa. 'Yan'uwanmu na cocin EYN sun ga haka da idonsu bayan Oktoba 2014, lokacin da Boko Haram suka kama Mubi da hedkwatar ikilisiyar a Kwarhi. Matan da aka kashe wa maza sun fi ƙarfin ta'aziyyar baki, sai da aka shiga koya musu sana'a, ana ba su jari da iri da taki.

Saboda haka, dattawan ikilisiya da iyayen zumunta, buhun shinkafar da ake rabawa ana ɗaukar hoto ranar 23 ga Yuni, wato ranar gwauraye ta duniya, bai isa ba. Kafin ku zauna zaɓen ankon jana'iza ta gaba, ku rubuta sunan kowane maraya a cocinku da ajin da yake. Ku haɗa kowane gidan da aka yi wa rashi da wani gida guda da zai riƙa leƙa shi har yaran su girma, da namijin kirki da zai zauna da samarin, da uwar da 'yan matan za su iya gaya wa abin da ba sa iya gaya wa babansu. Idan an zo rabon gado, ku je ku zauna a wurin. Kuɗin makaranta kuma ku tambayi iyayen nawa ne tun a watan Agusta, kada ku jira sai sun zo sun durƙusa suna roƙo.