Fijo ta Kaduna: motar da kowa ke so, masana'antar da ta kasa tsayawa da ƙafarta

Duk wanda ya yi wayo a yankin Binuwai kafin baburan Sin su cika hanya, ya san ƙarar Fijo 504 tun bai hango ƙurarta ba. Ita ce motar kasuwa, ita ce motar kai amarya, ita ce ke ɗaukar mara lafiya daga Bibemi a kai shi Garwa cikin dare. Turawa sun ƙera wagon ɗin don mutum bakwai, amma direbobinmu ba su taɓa yarda da wannan lissafin ba. A cusa mutum goma, a ɗaure buhunan masara a sama, ranar kasuwar Adumri har da ɗan akuya a but, kuma ta tashi. Wasu daga cikin motocin nan daga Faransa suka zo ta tashar jirgin ruwan Duwala. Wasu kuwa, su da kayan gyaransu, ta iyakar Najeriya suka shigo mana, kuma asalinsu unguwar Kakuri ce a Kaduna, inda kamfanin Peugeot Automobile Nigeria, wato PAN, ya yi shekara talatin yana harhaɗa su.

In ana labarin motocin da suka faɗi warwas, sunan da masana suka fi kawowa shi ne Edsel. Kamfanin Ford na Amurka ne ya fito da ita a watan Satumbar 1957, ya sa mata sunan ɗan Henry Ford, ya cika duniya da talla. Masu saye suka zo suka leƙa, suka ce ba ta yi musu ba: ga tsada, ga shan mai, ga wata irin fuska da aka yi ta yi wa dariya. A watan Nuwambar 1959 aka daina ta, bayan asarar da aka ƙiyasta a kan dala miliyan 250. Wannan faɗuwa ce mai sauƙin ganewa, an kai kaya kasuwa ba a taya ba. Ta Kaduna ta fi ciwo, domin ba wanda ya ƙi motar. Mutane suna sonta har ranar da aka daina yin ta. Masana'antar ce ta durƙushe ta bar masoyanta a tsaye.

An kafa PAN a ƙarshen 1972, haɗin gwiwa tsakanin gwamnatin tarayyar Najeriya da kamfanin Peugeot na Faransa, aka fara aiki a 1975, zamanin Janar Yakubu Gowon. Lokacin kuɗin man fetur na kwarara kamar ruwan Agusta. Ƙarin albashin Udoji ya shiga aljihun ma'aikata, ga rancen sayen mota, malamin makaranta ma yana iya tunanin sabuwar mota a leda. Gwamnati ba ta tsaya a Kaduna ba. An yi masana'antar Volkswagen a Legas, ta Leyland a Ibadan, ta manyan motocin Marsandi a Enugu, ta Steyr a Bauci mai yin tarakta da manyan motoci, da ta Fiat a Kano. Masana'anta shida, kowace da Baturenta. A cikinsu ta Kaduna ce tauraruwa.

Motar kanta ba ta da makusa a lokacinta. An fito da 504 a Faransa a 1968, ta zama gwarzuwar motar Turai ta 1969, ta kuma ci gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka a 1975, gasar da ke karya motoci kamar kara. Ƙafafun baya ne ke tura ta, cikinta ya ɗaga daga ƙasa, ga sifirin mai laushi da ke shanye ramuka. Abin da ya fi komai, injinta ba ya ɓoye wa bakanike komai. Da sufana da sukundireba da ɗan wayar ƙarfe, yaron gareji zai kwance kafireto a gindin darbejiya ya wanke ya mayar, a ci gaba da tafiya. A hanyar da ruwan Mayo Kebbi ke cinyewa duk damina, wannan ya fi kujera mai laushi daraja.

Sai kuma siyasa ta ƙara mata farin jini. Bayan kisan Janar Murtala Muhammad a cikin baƙar Marsandinsa ranar 13 ga Fabrairun 1976, gwamnatin Janar Obasanjo ta ɗauki manufar rage almubazzaranci, aka mayar da 504 motar manyan jami'an gwamnati. Kwamishina Fijo, alƙali Fijo, ɗan sanda Fijo, soja Fijo. A shekarun da kasuwa ta fi ci, sama da mota ɗari ke saukowa daga layi a rana ɗaya, dubban mutane na cin abinci a wurin, ban da dillalai da masu tireloli da matan da ke sayar da abinci a bakin get.

To amma ga wani abu da ya kamata mai karatu ya tsaya a kansa. A shekarun farko, ta jirgin sama ake kawo sassan motar. Tashar jirgin ruwan Legas ta cushe, musamman a 1975 da ɗaruruwan jiragen siminti suka yi cirko-cirko wata da watanni suna jiran sauke kaya. Sai aka ɗauki jiragen dakon kaya na kamfanin UTA, suna tashi daga birnin Liyon suna sauka a filin jirgin Kano cike da akwatunan inji da giya da ƙofofi, daga nan a loda wa manyan motoci su yi kilomita sama da 200 zuwa Kaduna. A wancan lokaci abin alfahari ne, ana ba da labarinsa. In ka dube shi da idon yau, a nan ciwon yake. Masana'antar da ke jiran jirgi daga Faransa kafin ta buɗe ƙofa da safe, ai ba ƙera mota take yi ba, ɗinki take yi da yadin wani. Kuma kowane akwati da kuɗin waje ake biyansa.

Ba a ce ba a yi ƙoƙari ba. Yarjejeniyar ta tanadi a riƙa ƙara kayan gida sannu a hankali, kuma an samu masu yin taya, batir, gilashi, kujeru da fenti a cikin ƙasar. Sai dai zuciyar mota inji ne da giya da farantin ƙarfen da ake buga bodi da shi. Wannan farantin ana sa ran wata rana ƙarfen gida zai samar da shi, amma katafaren kamfanin Ajaokuta da aka fara ginawa a ƙarshen shekarun 1970 har yau bai kai ga yin aikin da aka gina shi dominsa ba. Saboda haka abin da ya fi tsada a motar ya ci gaba da zuwa daga ƙetare.

Muddin naira na da ƙarfi, ba wanda ya damu. A 1980 naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja nesa ba kusa ba. Da farashin mai ya fara sauka, Shugaba Shehu Shagari ya kawo dokar tsuke bakin aljihu a 1982, samun lasin shigo da kaya ya zama sai mai uwa a gindin murhu, layin Kakuri ya fara tsayawa don babu akwatuna. Sannan guduma ta sauka a 1986: gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin SAP, aka saki naira, cikin 'yan watanni dala ɗaya ta koma wajen naira huɗu, kuma daga nan ba ta sake waiwayowa ba. Kuɗin akwati ya ninka, ya sake ninkawa, albashin ma'aikaci kuwa yana nan inda yake. Mutumin da aka gina masana'antar dominsa, wato ma'aikaci mai matsakaicin samu, ya fita daga sahun masu sayen sabuwar mota, kuma har yau bai dawo ba.

Abin mamaki, mu da ke wannan gefen iyaka mun ci moriyar abin da ya karya su. Da naira ta faɗi, mai riƙe da sefa ya zama sarki a kasuwannin Mubi da Yola. Atamfa, sabulu, fetur ɗin zuwa-zuwa, taya, kayan gyaran Fijo, duk suka riƙa kwararowa Garwa da araha. Direbobi da yawa a lokacin suka samu damar riƙe tsofaffin motocinsu da rai. Daɗin bai ɗore ba, don a watan Janairun 1994 aka rage wa sefa rabin darajarta, mu ma muka ɗanɗana.

Gurbin da sabuwar mota ta bari, gwanjon Turai ne ya cike shi. 'Yan Najeriya na kudu suka sa musu suna tokunbo, Hausawa suka ce 'yan Kwatano, saboda ta tashar Kwatano ta Jamhuriyar Benin ake sauke su a bi da su ta kan iyaka. Mota 'yar shekara goma daga Beljiyam ko Jamus, da kuɗin da bai kai rabin sabuwar Fijo ba, ga ƙarancin shan mai in ta Japan ce. Direban haya ba ya soyayya da tambari, lissafi yake yi. Toyota ta shigo tasha, ta zauna.

Nan ma akwai laifin da ba na naira ba. Faransa ta daina yin 504 ta zama tun 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har wajen 2006, ita ce ma ta ƙarshe a duniya bayan Kenya ta daina. Masoya na kiran wannan riƙon amana. Ni dai ina ganin alama ce ta kamfanin da ya saba da abokin ciniki ɗaya wanda ba ya ciniki. An kawo 505, daga baya 306 da 406 da 307, sai dai yawancinsu ma'aikatu da hukumomi ne ke kwashewa. Da Obasanjo ya dawo a farar hula ya kawo tsarin 2003 na bai wa ma'aikata kuɗi a maimakon saya musu motar ofis, sai wannan rumfar ma ta yaye. Wanda ya sa 504 a gaba yana soja, shi ne kuma ya zare mata tsani, ko da ba da niyya ba. Manyan jami'ai da aka ba zaɓi suka nufi jif-jif na Japan.

Daga nan sai sauyin hannu. A 2006 gwamnati ta sayar wa kamfanin ASD Motors kusan kashi 55 cikin 100 na hannun jarin PAN. Lokacin bai yi kyau ba: wutar lantarki sai a hankali, komai da janareta, masaƙun da ke maƙwabtaka da ita a Kakuri suna rufewa ɗaya bayan ɗaya, Michelin ya rufe masana'antar tayarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi baya a 2008. Wato ko 'yan kayan gidan da ake tinƙaho da su sun tafi. Bashin banki ya yi katutu, a 2012 hukumar AMCON mai karɓar basussukan da suka gagara biya ta karɓe kamfanin. Gwamnatin Goodluck Jonathan ta fito da sabuwar manufar motoci a 2013, ta ɗaga harajin shigo da mota har kashi 70 cikin 100 don ta kare masu harhaɗawa a gida. An ɗan farfaɗo, aka fara fitar da 301, amma tsadar haraji ta fi amfanar 'yan fasa-ƙwauri fiye da Kakuri. A 2020 AMCON ta miƙa kamfanin ga Nesbitt Investment.

Yau sunan Fijo bai bar Kaduna ba, amma ya bar gidansa na asali. Alhaji Aliko Ɗangote, wanda ya nemi sayen PAN abin bai yiwu ba, ya haɗa kai da masu tambarin suka gina sabuwar masana'anta, DPAN, a kan hanyar Kaduna zuwa Abuja, ta fara aiki a 2022 tana harhaɗa motoci irin su 301 da a-kori-kura samfurin Landtrek. Tsohon PAN kuwa ya juya ga motocin kamfanonin Sin. Shi kansa Peugeot ya narke cikin rukunin Stellantis a 2021, kuma babbar masana'antarsa ta Afirka yanzu tana Kenitra a Maroko, wadda aka buɗe a 2019, inda har inji ake haɗawa, motocin kuma a loda su a jirgi a kai wa Turawa su saya.

A nan Kamaru ma an sha jin sanarwar kafa masana'antar mota. A 2015 an rattaba hannu kan wata yarjejeniya da kamfanonin Indiya da Sin don a riƙa harhaɗawa a Duwala da Kiribi, jaridu suka yi ta yayatawa. Abin da ke sauka a tashar Duwala ya hau jirgin ƙasa zuwa Gaundare, ko ya biyo titi har Garwa, har yanzu dai tsofaffin motocin Turai ne, sai kuma akwatunan babura da yara ke haɗawa a bakin shago cikin rabin yini.