Iyakar da ke cikin wayoyinmu

Mu 'yan Sule Tankarkar mun san iyaka. Nijar ga ta nan kusa, kuma duk ranar Alhamis 'yan kasuwa na tsallakowa cin kasuwar Maigatari. Amma akwai wata iyakar da gwamnatoci ke gadi ba shinge ba jami'in kwastan: layin waya da intanet.

A Disambar 2020 gwamnatin tarayya ta ce kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN, in ba haka ba a rufe shi. Hujjarta ita ce, mai garkuwa da mutane da waya yake neman kuɗin fansa, to in layin na ɗauke da suna da hoton yatsa, ana iya bin sawunsa. Ku ma lambar nan ta shafe ku, domin tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da ita.

Da lamarin 'yan bindiga ya ƙazanta, a Satumbar 2021 hukumar NCC ta sa aka katse sabis a jihar Zamfara baki ɗaya, daga baya aka haɗa da ƙananan hukumomi 13 na Katsina da wasu sassan Sakkwato da Kaduna. Manufar ita ce a raba 'yan bindiga da masu tsegunta musu motsin sojoji. Sai dai mai POS ya rasa sana'a, wanda aka kawo wa hari ma ya rasa yadda zai kira agaji. Ga kuma abin da ɗan bakin iyaka ba sai an faɗa masa ba: sabis ɗin Nijar bai san da umarnin Abuja ba. Mai layin can, in yana kusa da iyaka, yana wayarsa.

A Yunin shekarar kuwa Twitter aka dakatar, bayan ya goge wani saƙon Shugaba Buhari. Sai a Janairun 2022 aka buɗe shi, da ya amince zai yi rajista a Najeriya ya biya haraji. A ganinmu wannan ya fi kama da nuna wa kamfani waye mai gida, ba tsaro ba.

Wasu ƙasashen ma ba gadi kaɗai suke yi ba, hari suke kaiwa. A 2010 aka gano Stuxnet, wata manhajar ɓarna da ta lalata injinan tace yuraniyom na Iran a Natanz ba tare da an harba harsashi ko ɗaya ba. Amurka da Isra'ila ake zargi.