Harsashi Dubu Bakwai a Kurmin Lugu

Ranar 16 ga Afrilu, 1899, sojojin Faransa suka faɗa wa Lugu, garin Sarauniya Mangu, a ƙasar Arewa ta Dogon Dutsi. Kyaftin Voulet da abokinsa Chanoine ne ke jan rundunar. Tun watan Janairu suka baro bakin kogin Kwara suka nufi Tafkin Cadi, kuma garuruwa da yawa da suka ratsa ba su bar musu komai ba sai toka da gawa. Labarinsu ya riga su isowa Arewa. Sarauniya ta ji, ta ƙi miƙa wuya.

Ƙarfin Nasara a lokacin yana cikin bindiga mai harsashi. Sojan Faransa na zamanin iri biyu yake riƙewa: Gras ta 1874, mai cin harsashi ɗaya ɗaya, da Lebel ta 1886, wadda ke ɗaukar takwas a jere cikin wani siririn bututu a ƙarƙashin bakinta. Tsarin bututun nan shi ne Winchester ta Amurka ta yi suna da shi, wadda ake ɗana ta da hannun ƙarfe da ke ƙasan kunama. Sifirin da ke cikin bututun ne ke turo harsashi baya, wani ɗan ƙarfe kamar cokali ya tare shi ya ɗaga shi zuwa mazauninsa. Aiki ne mai kyau, amma ba ya son ƙazanta. Yashi ya shiga bututu, ko sifirin ya yi sanyi, ko harsashi ya loɓa a hanya, ko mai harbi ya ruɗe bai ja ƙarfen ya kai ƙarshe ba, sai bindiga ta cije. In kuma takwas ɗin sun ƙare, sai an tsaya an cusa su ɗaya bayan ɗaya. A bazarar Arewa, da zafinta da ƙurarta, riƙon irin wannan makami ba ƙaramin aiki ba ne.

Mutanen Lugu ba su daɗe a fili ba, inda bindiga ke cin kasuwarta. Suka ja da baya suka shige kurmin da ke kusa da gari, daji mai sarƙaƙiya wanda suka saba fakewa cikinsa in yaƙi ya zo. Bindiga kuwa, komai kyanta, sai ido ya gani take aiki. Sojoji suna ta ɓarin wuta cikin ƙaya da ganye, kibau masu dafi suna fito musu daga inda ba su sani ba. Dole suka kutsa ciki, nan kuma tazarar da ke tsakanin mai bindiga da mai baka ta zama ba komai ba.

Lissafin da Faransawan suka rubuta da hannunsu ya ce an kashe musu mutum 4, an raunata 6, sun kuma ƙona harsashi kusan 7,000. A wurina wannan adadi na ƙarshe shi ne labarin. Maharbin Lugu, kyauron kibiyarsa a daji yake, kanta maƙerin gari ne ya ƙera, dafin kwankwani kuma a gida ake dafa shi. Harsashin Voulet kuwa daga Faransa ya fito, kuma kowane akwati a kan ɗan dako ya iso, cikin ɗaruruwan mutanen da aka kamo da ƙarfi, da yawansu daga ƙasar Mosi, suna tafe da yunwa da ƙishirwa. Abin da ya fi ciwo shi ne, masu jan kunamar ma baƙar fata ne, Turawan ba su taka kara sun karya ba wajen yawa.

Rundunar ta ci garin, amma Sarauniya ba ta shiga hannu ba. Suka wuce gabas, a watan Mayu suka yi wa Birnin Ƙonni kisan gilla. Labarin ta'asarsu ya riga ya kai Faransa, an kuma turo Kanar Klobb ya karɓe rundunar. Voulet ya sa aka harbe shi a Dankori ranar 14 ga Yuli. Sojojinsu suka yi tawaye, suka kashe Chanoine ranar 16, Voulet kuma washegari. Kaburburansu suna Maijirgi, kusa da Tasawa.