Ƙarin Wa'adi ga Rundunar Kiyaye Zaman Lafiya: Misalin Kudancin Labanon

A cikin wannan maƙala za mu duba yadda ake ƙara wa rundunar kiyaye zaman lafiya wa'adi, inda za mu kafa misali da rundunar UNIFIL.

Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya shi ne ya kafa wannan runduna a watan Maris na 1978, bisa ƙuduri na 425 da na 426, bayan Isra'ila ta kutsa kudancin Labanon. Wa'adinta na farko wata shida ne kacal, har ma sunanta ya nuna cewa ta wucin gadi ce. Nijeriya na daga cikin ƙasashen da suka ba da soja.

Bisa al'ada, gwamnatin Labanon ke neman ƙarin. Sannan sai ƙasashe tara daga cikin 15 na Kwamitin sun amince, ba tare da ɗaya daga cikin manyan biyar ta hau kujerar na-ƙi ba. Da yake samun wannan ya fi sasanta masu rikicin sauƙi, sai ƙarin wa'adi ya maye gurbin sulhu. Rundunar tana nan Isra'ila ta sake mamaya a 1982. Tana nan kuma aka yi yaƙin 2006, wanda ya sa ƙuduri na 1701 ya yarda sojanta su kai 15,000.

A watan Agusta na 2025 Kwamitin ya yi mata ƙari na ƙarshe, zuwa 31 ga Disamba, 2026. A ganinmu, abin dubawa shi ne ko sojan Labanon za su iya riƙe yankin su kaɗai, domin ƙauyukan kan iyaka ne za su fara ɗanɗana kuɗarsu in hakan ta gagara.