Daga teburin hukuma zuwa teburin mai shayi: yadda umarnin gwamnati ke iso mu

Yau kan takarda za mu yi magana, irin wadda ake sa wa hannu a Abuja da yamma, washegari ka ga mai shayin unguwarku ya ƙi karɓar kuɗinka.

Kun tuna canjin kuɗi? Ranar 26 ga Oktoba 2022 Babban Bankin Najeriya, CBN, ya sanar da sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000, ya ce tsofaffin za su daina aiki 31 ga Janairu 2023. Daga baya aka ƙara wa'adin zuwa 10 ga Fabrairu. Jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka garzaya Kotun Ƙoli, ranar 3 ga Maris kotu ta ce tsofaffin kuɗi su ci gaba da aiki har ƙarshen Disamba.

To ga inda gizo ke saƙar. Kotu ta yi hukunci, amma kasuwa ba ta saurare ta ba. Ni kaina a kwanakin na miƙa wa wata mai ƙosai tsohuwar ɗari biyar, ta ce min, "Ɗana, banki bai ce a karɓa ba." Wallahi ban ga laifinta ba. Sai 13 ga Maris CBN ya fitar da sanarwar bin hukuncin. Kwana goma cur, doka na gefe guda, ciniki na gefe guda, ana jiran takarda ɗaya.

Abin da nake so mu gane shi ne, maganar gwamnati hawa-hawa ce. A sama akwai dokar da Majalisa ta yi, shugaban ƙasa ya sa hannu, kamar dokar CBN ta 2007. Ita ke ba hukuma iko. A ƙarƙashinta akwai ƙa'idojin da hukuma ke tsarawa, waɗanda akan buga a gazet, wato jaridar da gwamnati ke wallafa dokokinta. Sai takardar umarni, wadda ma'aikata ke kira sakula. Sai can ƙasa sanarwar manema labarai. Na ƙasa ba shi da hurumin saɓa wa na sama. Dokar CBN ta ce a ba jama'a isasshen lokaci kafin a janye kuɗi, kuma rashin hakan na cikin dalilan da kotu ta kafa.

Abu na biyu: yawancin takardun nan ba kai ake rubuta wa ba. Ranar 6 ga Disamba 2022 CBN ya ƙayyade cire tsabar kuɗi zuwa naira dubu 100 a mako ga mutum ɗaya. Bankuna aka aika wa takardar, da Turancin ofis, aka ɗora a shafin intanet. Daga nan 'yan jarida su ɗauka, rediyo ya fassara, wani ya yanko rabi ya tura WhatsApp. Kafin ta kai ƙauye an sa mata gishiri. Ana cikin haka, ranar 21 ga Disamba aka mayar da adadin dubu 500. Wanda tsohon hoton takardar ke wayarsa, har yanzu dubu 100 ya sani.

Saboda haka in an turo maka takarda mai tambarin hukuma, ka tsaya ka duba abu huɗu. Yaushe aka rubuta ta? Wa aka rubuta wa? Yaushe za ta fara aiki? Akwai wata da ta biyo bayanta? Sannan ka shiga shafin hukumar da kanka, ka nemo ta da lambar da ke samanta. In ba ka same ta ba, kar ka tura wa kowa.

Kuma kana da haƙƙin tambaya. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukuma ya nemi takarda, ita kuma ta amsa cikin kwana bakwai. Wani lokaci ma hukumomi kan fitar da daftari su nemi ra'ayin jama'a kafin ya zama ƙa'ida. Mu nawa muka taɓa rubutawa?

Hukumomi kuwa, in talla ce da Hausa ake yi mana ita, to umarni ma a fitar da shi da Hausa, a ranar da aka sa hannu, a rediyon da mutane ke ji. Kafin nan, mu da muka yi boko, aikin ya faɗo kanmu. Ka karanta takardar daga farko har ƙarshe, sannan ka zauna ka yi wa Inna bayani.

Ku faɗa min a ƙasa, wace sanarwa ce ta taɓa rikita gidanku?