Shamuwa Ta Iso: Tsuntsayen Da Ake Gani Da Bazara

Da zarar bazara ta kama, zafi ya tsananta, sai manomi ya riƙa ɗaga kai yana duban gabas. Amma ba hadari kaɗai ne abin dubawa ba. Tsuntsaye ma suna da labarin da suke bayarwa, domin a wannan lokaci ne waɗansu ke tafiya, waɗansu kuma ke isowa.

Masu tafiya su ne baƙin da ke zuwa daga ƙasashen Turai don gudun sanyi. Tun daga watan Oktoba suke sauka a fadamun Haɗejiya da Nguru, musamman a Dagona ta Jihar Yobe, inda aka keɓe musu wurin da aka hana farauta. Akwai agwagin ruwa iri iri a cikinsu. Daga Maris zuwa Afrilu sai su yi ƙiba, su ƙetare hamada su koma gida su yi ƙwai.

Mai isowa kuwa ita ce shamuwa. Tana yin rani ne a gabashi da kudancin Afirka, kamar Tanzaniya da Zambiya da Zimbabuwe, domin a lokacin can ake damina. Idan ruwa ya ɗauke a can, sai ta biyo shi zuwa ƙasar Hausa a cikin Afrilu ko Mayu.

Gane ta ba wuya. Bayanta baƙi ne, cikinta fari, gwiwoyinta jajaye. Lokacin ƙwai fuskarta takan yi shuɗi. Ba ta gudun mutane. A tsakiyar gari take sheƙa, bisa kuka ko tsamiya, ta yi ƙwai 2 ko 3.

Amfaninta ga manomi babba ne. Abincinta fara da tsutsa da sauran ƙwari masu ɓarna a gona. Tana kiwon 'ya'yanta ne daidai lokacin da shuka take ƙarama, wato sa'ad da fara ta fi yi mata lahani. Saboda haka wanda ya harbe ta, ko ya sare itacen da take sheƙa, ya kori ɗan ƙwadagon da ba ya karɓar ko kwabo. A ja wa yara kunne su daina jifarta da danƙo ko kwashe mata ƙwai.

Sai dai a yi hattara. Zuwan shamuwa alama ce damina ta kusa, amma ba shi ne faɗuwarta ba. Takan riga ruwan shuka da makonni. Wanda ya gan ta, ya gyara gona, ya kai taki, ya tanadi iri, amma ya jira ƙasa ta jiƙu sosai, don kada irinsa ya ƙone.

Mai son kallon tsuntsaye ba ya bukatar kashe kuɗi. Ya fita da sassafe ko da la'asar sakaliya, ya zauna shiru a inuwa kusa da tafki ko fadama, rana tana bayansa. Zai ga zalɓe da balbela, wadda gashin kanta kan koma ruwan ƙasa-ƙasa idan lokacin ƙwai ya zo.

Yana da kyau kuma ya rubuta ranar da ya fara ganin shamuwa, da ranar ruwan shuka, da yawan sheƙunan garinsu. Bayan 'yan shekaru, zai san tazarar da ke tsakani a yankinsa, ya kuma gane ko shamuwa tana ƙaruwa ko raguwa.

Allah Ya kawo damina mai albarka, amin.